Dokar Tsami ta Kwamanda Shitu

Shekarun nan da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, siyasa kuma ta dawo, doka ta yi araha. Duk wanda yake da mutum uku a ƙarƙashinsa sai ka ji ya kafa tasa. To shi Shitu mutum ashirin da shida gare shi, don shi ne kwamandan 'yan sintirin Unguwar Marke, wani ƙauye da ke bayan Kahu a ƙasar Kibiya. Aikinsu tsare kasuwa da bin sawun ɓarayin awaki. Shekara goma sha ɗaya usur yana rataye a wuyansa, in ana taro kuma kujerarsa tana jikin ta mai unguwa. Ba albashi ake ba shi ba. Amma da za a ce ya zaɓa tsakanin usur ɗin nan da gonarsa ta fadama, sai ya ce a ba shi kwana biyu ya yi shawara.

Mataimakinsa Habu ne, wani dogo marar surutu, Shitu ya ba shi shekara goma. Tun yana saurayi yake bin Shitu, kuma duk abin da aka ce masa amsarsa ɗaya ce: "To, Kwamanda."

Farkon bazara kwamitin tsaro ya turo musu wani tsohon soja mazaunin Rano, Saje Ishiyaku, da jakarsa da agogonsa. Ya tara su a filin firamare ya ce za a yi musu rajista, a ba su kaki da takalmi da kati mai hoto. Amma mutum ashirin kawai za a ɗauka, kuma sai an yi gudu. Daga kwalbatin bakin gari zuwa filin nan, mil biyu, cikin minti ashirin.

"Wane ne kwamanda a nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji Shitu.

Saje bai dubi fuskarsa ba, tumbinsa ya duba. "Wancan dogon fa?"

"Mataimakina ne."

"To cikin ku biyu, wanda ya riga isowa shi ne kwamanda."

"Ranka ya daɗe, shekarata goma sha ɗaya..."

"Ni ban san shekara ba, Malam. Agogo na sani. Nan da sati uku."

A hanyar komawa gida Habu ya matso. "Kwamanda, kada ka sa komai a ranka. Ni a bayanka zan tsaya."

Shitu ya ce Allah ya yi albarka. A ransa kuwa cewa ya yi, kowa yana faɗin haka kafin a busa usur.

Ranar kasuwar Rano ya je sayen ruwan fartanya, sai ya tarar da mai maganin nan da ke ɗora lasifika a kan mota. Maza sun kewaye shi, kowa yana yi kamar wucewa ce ta kawo shi.

"Namiji!" in ji lasifika. "Abu uku ne ke cinye namiji yana tafe da ƙafarsa. Tsami ya tsinka maka jijiya. Zaƙi ya haifar maka da basir. Ɗanye ya zuba maka sanyi a gwiwa. Kana shan kunun tsamiya kana cewa kai namiji ne? Wallahi da kai da uwargidanka sai a haɗa muku zani ɗaya!"

Aka tuntsire da dariya. Shitu bai yi ba. Ya jira mutane suka ragu, ya karɓi kwalbar garin magani, ya tambaya ko yana sa gudu. Mai magani ya ce in dai an kiyaye abubuwa ukun nan, ko barewa sai ta nemi hanya.

To da Shitu ya yi abinsa shi kaɗai, da an ce tsoro yake ji. Don haka washegari ya busa usur, ya tara mutanensa, ya kafa doka. Daga yau har a yi gudu, ɗan sintiri ba ya cin tsami, ba ya shan zaƙi, ba ya cin ɗanye. Ba mangwaro, ba lemo, ba rake, ba nono, ba miyar yakuwa, ba tumatir, ko albasar da ake yayyankawa a kan tsire a ture ta gefe. Wanda aka kama ya ajiye sanda.

"To, Kwamanda," in ji Habu.

Sai da Shitu ya isa gida ya tuna cewa ya raba wa Habu sirrin a kyauta. Ya ciji yatsa, amma magana ta riga ta fita.

Matarsa Dije tana tsakar gida tana tankaɗe ya karanta mata dokar. Ta saurara har ƙarshe ba ta ajiye rariya ba.

"Tukunya biyu kenan zan dinga ɗorawa?"

"Biyu."

"To me ya rage da za ka ci, Malam?"

"Tuwo da miyar kuka. Ki sa kanwa sosai. Da shayi ba sukari, da biredi, da ƙwai."

"Tattasai fa?"

"Ja ne, ɗan'uwan tumatir ne. Cire."

Dije ta ce Allah ya ba da sa'a, sati uku ai ba shekara ba ce.

Ashe shekara ce ta so zama. Sati uku ya cika aka ce Saje yana ciwon ƙafa. Ya warke aka ce tela bai gama kaki ba. Tela ya gama ruwa ya sauka, aka ce a bari mutane su yi shuka. Aka yi shuka aka ce an sauya 'yan kwamiti, sababbin kuma ba su ga takarda ba tukuna. Kowace ɗagawa sati biyu ce ko uku, don haka ba a taɓa samun ranar da za a ce a sassauta doka ba. Mangwaro ya zo, ya yi arahar da har awaki suka gaji da shi, ya wuce. Shitu ko ƙwallo bai tsotsa ba. Samarin ƙungiya kuwa, in sun zo atisaye da safe, wani ma zaren mangwaro na maƙale a haƙorinsa yana cewa doka tana nan daram. Duk matan unguwa sun sani. Ba wadda ta ga dalilin gaya wa Kwamanda.

Wajen wata na uku jikin Shitu ya fara ba shi labari. Da, in sun tashi daga kwalbati bayan sallar asuba, yakan kai gindin marke, rabin hanya kenan, kafin haki ya kama shi. Yanzu tun bai wuce gonar liman ba sai ya ji zuciyarsa tana dukan haƙarƙari kamar ana sussuka. Hanyar ita ce dai, gudun shi ne dai, amma kamar an ɗora masa buhun gero a wuya. Tumbin ma da ya sa ran zai zube yana nan, ƙafafun ne suka zama na aro. Gwiwa ciwo, idon sawu ciwo. In ya gutsiri farin goro sai ya ga gurbin haƙorinsa ya yi ja. Wani ɗan yanka da fartanya ta yi masa a ƙwauri tun noman fari ya ƙi rufewa. Ga faɗa. Kaza ta gifta ta gabansa sai ta sha zagi har da kakanninta.

Ya duba, ya ga ba abin da ya karya a doka, ga garin magani yana sha safe da yamma. To me ya rage? Hannu aka sa masa. Wa kuma zai sa masa hannu in ba wanda zai gaji usur ba? Abin da ya ƙara tabbatar masa, Habu kullum yana bayansa a wajen atisaye, yana haki, yana dafe ƙugu. Dogon mutum kamar wannan, a ce ya kasa wuce mai tumbi? Ɓoye ƙarfinsa yake yi sai ranar. Shitu ya karɓo rubutu wajen malami ya sha na kwana bakwai, ya kuma ƙara wa kansa doka: ya daina cin ko dafaffen ganye, don ya ji rama tana da ɗan tsami-tsami.

Ranar da abin ya kai maƙura, dawa ta kai ƙirji, ya je maimai. Kunya biyu ya yi ya zauna a kwari. Nan Dije ta same shi da ta kawo abinci, fartanya a gefe, yana kallon yatsun ƙafarsa.

"Malam, gobe za ka asibiti."

"Ba ciwon asibiti ba ne."

"To zan aika wa Yaya Tani a Rurum ta zo ta gan ka."

Yaya Tani ita ta goye shi, kuma har yau in ta zo a gaban mutane take kiransa da sunan da ake tsokanarsa da shi yana yaro. Washegari da sassafe ya hau acaɓa. Bai je asibitin kusa ba, inda ma'aikata suka san shi. Ya tsallaka can wajen Madachi, wani ɗan sha-ka-tafi mai ɗaki biyu, ya bar usur a gida.

Ma'aikaciyar da ya samu sunanta Malama Lubabatu, wata gajera mai tabarau, ba za ta wuce sa'ar 'yarsa ta fari ba. Ta auna jininsa, ta ja fatar idonsa, ta sa ya buɗe baki. Ta daɗe tana kallon dasashinsa. Sannan ta sa ya naɗe wando, ta ga yankan, ta ga wasu ɗige-ɗige ja a gindin gashin ƙafarsa.

"Baba, me kake ci?"

"Abinci."

"Wane iri?"

Ya lissafa mata. Bai ɗauki lokaci ba.

"Sai me?"

"Shi kenan."

"Tun yaushe?"

"Wata huɗu da 'yan kwanaki."

Ta cire tabarau ta goge da gefen hijabi. "A kurkuku kake?"

Ransa ya ɓaci, amma ya daure ya ba ta labarin gudu da lasifika da abubuwa uku. Bai ambaci cewa ya mai da abin doka ba. Ya ƙare da cewa shi dai yana zargin hannu ne.

"Hannu ne, Baba, amma naka. Akwai wani sinadari da ake kira bitamin C. Jiki ba ya yin sa da kansa, kuma ba ya ajiye shi da yawa, sai an ci. Yana cikin goba, da lemo, da mangwaro, da tumatir, da tattasai, da ganye in ba a kashe shi da dahuwa ba. Wato duk abin da ka lissafa ka bari. Wanda ya rage a miya kuma kanwa da doguwar tafasa sun gama da shi."

"To ina ruwan lemo da gudu?"

"Acaɓa ka hau ka zo?"

"Shi."

"In tanki cike yake da mai amma tiyo ya toshe, ya babur yake yi?"

"Ya yi ta ƙara, ba ya ja."

"To haka kake. Ga mai nan," ta nuna tumbin da biro, "amma sinadarin nan yana cikin masu taimaka wa jiki ya kai kitse inda za a ƙona shi ya zama ƙarfi. In ya yi ƙasa, aikin da kake yi da sauƙi sai ya zama da wahala. Zuciya ta yi ta bugu, numfashi ya yi ta fita, tafiyar kuma ba ta ƙaru ba. Shi ne kuma yake riƙe dasashi, yake rufe ciwo."

Shitu ya rage murya, ko da yake su biyu ne a ɗakin. "Amma tsami... an ce yana taɓa namiji."

"Yanzu da ka yi wata huɗu ba ka ci ba, Baba, ya kake ji? An ƙaru?"

Shitu ya dubi kalandar da ke bango kamar yana neman wata rana.

Ta ƙirgo masa wasu ƙananan ƙwayoyi farare a leda. Yana gani ya gane su. Irin waɗanda jikokinsa suke tsotsa ne kamar alewa.

"Wannan ai ta yara ce."

"Ta mai buƙata ce. Ka sha safe da rana da yamma. Goba ta fara fitowa, ka ci biyu ko uku kullum. A matsa maka lemon tsami a kunu. Zogale kuma a daina dafa shi har ya yi baƙi. Kasalar za ta fara sakinka cikin 'yan kwanaki, dasashi sai an yi sati biyu ko uku."

"In na ninka fa? Zan fi gudu?"

"Za ka fi zuwa bayan gida. Abin da ka rasa yake mayar maka, ba ya mai da mutum doki. Yaushe ne gudun?"

"An ce nan da sati uku."

"To ka yi a hankali. Kai kaɗai ne kake wannan abin?"

"Ni kaɗai," in ji Shitu.

Yanzu matsalar ita ce ina mai doka zai ci goba. A gida jikoki suna shiga suna fita, kuma yaro ba ya ganin abu ya yi shiru. Sai gona. Allah ya taimake shi dawa ta yi tsawo. Kullum da hantsi sai ya kutsa tsakiyarta, ya tsuguna, ya ciro goba daga aljihun wando, ya ci har 'ya'yan, yana waige. Ranar farko dasashi ya yi masa zafi har hawaye ya fito. Ƙwayar kuwa a cikin kwalbar garin mai lasifika ya zuba ta, bayan ya juye garin a bola.

Sayen goba aikin Dije ne. Mace mai jika huɗu ta tashi kullum tana neman goba da lemon tsami, ai kun san abin da za a ce. Kafin sati ya zagayo, a gidan suna an fara yi mata sannu da jiki. Wata ta ce ta ga tana tofar da yawu. Wata ta ce ashe dokar Kwamanda tana aiki, a ba mazajensu su ma. Dije ta dawo gida ta ajiye mayafi da ƙarfi.

"Malam, an yi mini ciki a gari."

"Ki bar su."

"In bar su? Surukata ta aiko mini da kunun kanwa!"

"Sati biyu ne ya rage, Dije."

Amma maganin yana aiki, wannan ba musu. Kwana biyar ya tashi da asuba bai ji kamar an kwana ana dukansa ba. Kwana goma ya wuce gonar liman yana jiran hakin nan, bai zo ba sai can gaba. Ƙafa ta fara zama tasa. Zuciyar tana bugawa, amma bugun mai aiki, ba na mai neman hanyar fita ba. Yankan ƙwauri ya yi ɓawo. Kaji suka samu lafiya.

Da jikinsa ya sake shi, sai idonsa ya buɗe. Wata safiya sun tsaya hutawa a gindin marke, ya juya ya ga Habu ya dafa bishiya, ya sunkuya, ya tofar da yawu. Yawun ja ne. Ya dubi ƙwaurin Habu, ga ɗige-ɗigen nan. Ya dubi samarin, kowa kumatu sumul, suna ta tsokanar juna. Nan take lissafin ya fito masa. Cikin mutum ashirin da shida, mutum ɗaya ne ya bi dokarsa.

"Habu, lafiya?"

"Lafiya lau, Kwamanda. 'Yar kasala ce. Ina ga ban kiyaye sosai ba ne. Ran nan mai ɗakina Rahma ta sa tumatir a miya ban sani ba sai da na ci loma biyu."

Maganar tana bakin Shitu. Kalma nawa ce? Ka ci goba. Ya buɗe baki, sai ya ga tsawon ƙafafun Habu, daga ƙugu har ƙasa. Ƙafafun nan in suka samu sati biyu na goba, ba mai ganin ƙurarsu.

"Allah ya sawwaƙe," ya ce. "A dinga kula."

Ba a ce bai yi niyya ba. Ya yi, sau da yawa ma. Ranar Juma'a ya tara su da nufin sassauta doka. Ya shirya yadda zai ce an yi bincike an gano goba ba ta cikin tsami na asali. Ya yi gyaran murya.

"Game da dokar nan tamu..."

"Muna nan a kanta, Kwamanda," in ji Habu. "Ko shekara za a yi."

Wani daga baya ya yi tari irin na mai danne dariya. Shitu ya dubi fuskokin, ya ce madalla, a ci gaba, ya sallame su.

Dije ma ta tambaye shi, tana matsa masa lemo a kunu. "Habu fa? Na ga Rahma jiya, ta ce ko ruwan alwala ba ya iya ɗagawa da hannu ɗaya."

"Zan gaya masa."

"Yaushe?"

"Ki bar ni in samu lokacin da ya dace."

Dije ta dube shi, ta ƙara matsa lemon har ɓawon ya tsage, ta miƙa masa kofi.

Wannan karon ba a ɗaga ba. Ranar Asabar da hantsi Saje Ishiyaku ya iso a kan babur, kaki ashirin a ɗaure a baya. Gari ya fito. Mata suka tsaya a bakin zaure, mai unguwa ya sa aka kai masa kujera filin firamare. Saje ya jera su a kwalbati, ya duba agogo, ya daka tsawa, ya hau babur ya yi gaba.

Samari suka fita kamar an kunce 'yan maruƙa. Shitu bai bi su ba. Ya kama gudunsa na tsaka-tsaki, numfashi biyu ciki, biyu waje. Habu yana gabansa da kamar taku goma, don dogon mutum ko ba lafiya takunsa ɗaya biyun wani ne. Suka wuce gonar liman a haka. Shitu yana kallon bayan rigarsa tana jiƙewa, yana kuma jin hakinsa tun daga nan, wani irin haki mai ƙara kamar zuga-zugi. Kafin marke tazarar ta koma taku biyar. A gindin marke suka jera.

Habu ya juyo. Leɓensa ya yi fari. "Wuce, Kwamanda," ya ce. Ko alkawari yake cikawa, ko ƙafar ce ta ƙare, shi kansa ba lalle ya sani ba.

Shitu ya wuce. Bai waiga ba sai sau ɗaya, wajen injin niƙa, ya hango shi zaune a bakin hanya ya sa kai tsakanin gwiwoyi.

Ya shiga fili a minti na goma sha tara, na goma sha bakwai a layi. Mata suka yi guɗa. Saje ya dubi agogo, ya dubi tumbin, ya ce, "Ba laifi, tsoho." Mutum uku suka biyo baya, aka cika ashirin. Habu ya iso da tafiya, an fi rabin awa, lokacin har an fara gwada takalma. Ya nemi gindin katanga ya zauna. Ba wanda ya yi masa dariya, abin da ya fi dariyar ciwo kenan.

Shitu ya samu Saje a gefe yana cike takarda a kan sirdin babur.

"Ranka ya daɗe, Habu ba shi da lafiya ne. A ba shi sati uku ya sake."

"An rufe."

"Duk cikinmu ba wanda ya kai shi aiki. Ka tambayi mai unguwa."

"Na yarda. Amma ashirin aka ce, kaki ashirin na kawo." Saje ya miƙa masa takardar da biro. "Kai ne kwamanda. In kana son sa, soke ɗaya ka rubuta shi. Sai dai duk wanda ka soke, in ya zo da ƙara, agogona zai ba shi gaskiya. Mutum ɗaya ne a nan in an soke shi ba zai kai ƙara ba."

Shitu ya karɓa. Ya yi ajin yaƙi da jahilci, yana karatu in ba a matsa masa ba. Sunansa ne a sama, Saje ya rubuta Kwamanda a gabansa da manyan baƙaƙe. Ya bi sunayen da bakin biro ɗaya bayan ɗaya har ƙasa. Ya sake hawowa sama. Ya tsaya nan kaɗan. Sannan ya rufe biro ya mayar.

"A bar shi yadda yake."

"Na sani," in ji Saje, ya ninke takarda.

Sai da aka kwana biyu Shitu ya je gidan Habu, bayan la'asar, cikin kayan gida, da leda a hannu. Ya same shi a zaure a kan tabarma. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar awaki. Da gaisuwa ta ƙare ya tura ledar gabansa, ya faɗi abin da Malama Lubabatu ta ce, da tanki da tiyo da komai. Ya faɗi har ranar da ya je. Wannan kam bai rage ba.

Habu ya buɗe leda ya duba, ya rufe.

"Rahma ta gaya mini."

"Yaushe?"

"Sati biyu kafin gudu. Yaya Dije ce ta gaya mata, wai don a daina cewa tana da ciki. Ta ce kullum kana cikin dawa kana cin goba." Ya gyara zama. "Na ce ƙarya take yi. Na ce Kwamanda ba zai kafa doka ya karya a ɓoye ba, in da wani abu ni zai fara gaya wa. Kwana uku ban ci tuwonta ba. Har na ce in ta sake yi maka ƙage ta tafi gidansu."

Shitu ya dubi tabarma. Akwai wani wuri da kabar ta warware, ya sa yatsa yana mayar da ita.

"Guda nawa ake ci a rana?" in ji Habu.

"Biyu. Ko uku."

"To."

Ya dafa bango ya miƙe a hankali, ya ɗauki ledar. "Bari in shiga in ba ta haƙuri."

Ya shiga. Shitu ya zauna yana jira, don bai ji an ce masa sai an jima ba. Daga ciki ya ji muryar Rahma ta tashi, ta daɗe tana tashi, sannan ta sauka. Ya ji an jawo turmi, an ci gaba da daka. Ba wanda ya fito, ba a kuma aiko masa da ruwa ba. Da aka kira magariba ya sa takalmansa ya tafi masallaci.